Zaɓen Jos ta Arewa na 2008: Maganar da Aka Ƙi Yi a Zaure Ɗaya

Ranar Alhamis, 27 ga Nuwamba 2008, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 17 na jihar Filato. Da rana babu wani tashin hankali a cikin garin Jos. Mutane sun yi layi, sun jefa ƙuri'a, sun koma gida. Kafin faɗuwar ranar Asabar an kashe aƙalla mutum 700, bisa ƙididdigar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch. An ƙona masallatai da coci-coci da makarantu da gidaje, kasuwar hatsi ta Katako ta zama toka. Duk wannan a kan kujerar shugaban ƙaramar hukuma guda ɗaya, wato Jos ta Arewa.

Na zaɓi wannan lamari ne domin a cikinsa ake ganin ciwon Jos ƙuru-ƙuru. Tambayar da ke cin ran kowa a garin ita ce: wa ke da Jos, wa kuma ya cancanci ya mulki Jos ta Arewa? An daɗe ana yin wannan magana a masallaci da coci, a teburin mai shayi, a takardun ƙungiyoyi, amma kowa da 'yan'uwansa yake yin ta. Da wuya ka ga masu saɓanin sun zauna ido da ido, kowa ya faɗi tasa, ya kuma daure ya ji ta ɗan'uwansa har ƙarshe. Da magana ta rasa zauren da za a yi ta, sai ta koma akwatin zaɓe, daga nan ta fita titi.

Daren tattara sakamako

Manyan 'yan takara biyu ne. PDP ta tsayar da Timothy Gyang Buba, ɗan ƙabilar Birom, ANPP kuma ta tsayar da Aminu Baba, Bahaushe. Gwamna a lokacin Jonah Jang ne, shi ma Birom, wanda ya hau mulki a 2007. Rabon da mutanen Jos ta Arewa su zaɓi shugabansu tun 1999. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004 an tsallake ta saboda tsaro, aka ci gaba da naɗa mata kantomomi. Saboda haka ƙishirwar shekara tara ce mutane suka fito da ita a wannan Alhamis.

Abin da ya fara jefa shakku shi ne wurin tattara sakamako. Maimakon sakatariyar ƙaramar hukuma, hukumar zaɓe ta jiha ta kai aikin Kabong, wajen Gada Biyu, unguwar da Kiristoci suka fi yawa. A garin da mutane suka yarda da juna, wannan ba zai dami kowa ba. A Jos kuwa, inda kowace unguwa ke da addininta a idon jama'a, ma'anarsa ta wuce canjin ɗaki. Magoya bayan ANPP sun riga sun haddace karatun da ya yi tashe a Arewa a zaɓen 2007, wato a kasa, a tsare, a raka. Suka raka ƙuri'unsu har Kabong, suka kwana a can. Magoya bayan PDP su ma suka taru. Dare ya yi nisa, sakamako bai fito ba, kowane ɓangare yana jin labarin da ke masa daɗi ta waya. Can wajen asuba jami'an tsaro suka tarwatsa taron, maganar cewa an murɗe zaɓe ta riga matasan isa unguwanninsu.

Daga nan labari ya rabu biyu, kuma har yau a rabe yake. Ka tambayi mutumin Ali Kazaure ko Unguwar Rogo, unguwannin da Musulmi suka fi yawa, zai ce maka an far wa masu tsaron ƙuri'a ne domin a samu damar yin maguɗi. Ka tambayi mutumin Tudun Wada ko Unguwar Rukuba, inda Kiristoci suka fi yawa, zai ce an shirya harin tun kafin zaɓe, shi ya sa aka fara da coci-coci ba da ofishin jam'iyya ba. Kowannensu yana da gawar da zai nuna maka. An kashe ɗalibai a makarantar Al-Bayan. An kashe matasa uku masu yi wa ƙasa hidima, baƙi ne da ba su san hawa ba su san sauka ba.

Ana cikin wannan wuta hukumar zaɓe ta sanar cewa PDP ta lashe Jos ta Arewa. Ko da a ce ƙuri'un nan halal ne ɗaya bayan ɗaya, sanar da su a wannan sa'a ganganci ne. Gwamnati ta sa dokar hana fita, aka ba da umarnin harbi. Human Rights Watch ta tattara bayanan mutum 133 da ta ce 'yan sandan kwantar da tarzoma da sojoji ne suka kashe su ba bisa ƙa'ida ba, kusan dukkansu matasa Musulmi, wasu an bi su har cikin gida. Wannan ya ƙara wani miki a kan na farko, domin waɗanda aka turo su raba faɗa sun zama ɓangare na abin da ake kuka da shi.

Asalin gardamar

Jos gari ne da kuza ta gina. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawa suka buɗe ma'adinai, Hausawa da Fulani da Yarbawa da Ibo da Nufawa da Barebari da mutanen kudu maso kudu suka yi ta kwararowa, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda muke kira Jarawa, a ƙasashensu na noma. Hausawan Jos suna cewa kakanninsu ne suka sari daji suka kafa cikin gari, suna kuma lissafa sarakunansu na farko. 'Yan ƙasa suna cewa dajin da aka sara yana da masu shi, kuma tun 1947 aka naɗa Rwang Pam a sarautar da ta zama Gbong Gwom Jos, babbar sarautar garin. Wannan saɓani ne na tarihi, irin wanda ake iya baje takardu a yi muhawara a kai shekara da shekaru ba a zubar da jini ba.

Abin da ya sa masa guba shi ne takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira indijin. Da ita ake neman aikin gwamnati, da shiga soja ko ɗan sanda, da tallafin karatu, kuma shugaban ƙaramar hukuma ne ke sa mata hannu. Tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci a sashe na 42, amma a sashe na 147 ya ce a ɗauki minista daga 'yan asalin kowace jiha, bai kuma fayyace matsayin wanda aka haifi kakansa a garin da ba na ƙabilarsa ba. Yaron Gangare, tsohuwar unguwar Hausawa a Jos, da bai san kowa a Kano ko Katsina ba, in aka hana shi takarda a Jos aka ce ya tafi garinsu, ina za shi? Wannan kukan gaskiya ne.

Akwai kuma kukan ɗaya ɓangaren, kuma wajibi ne mu Hausawa mu iya faɗinsa yadda masu shi za su ce e, haka ne. Ƙananan ƙabilun Filato suna ɗauke da tarihin hare-haren neman bayi daga masarautun da ke kewaye da su, da kuma jin cewa a zamanin Jihar Arewa an mayar da su saniyar ware. Suna cewa Bahaushe yana da jihohi da dama da zai yi gwamna, su kuwa nan kaɗai suke da ita. Suna tambaya: ɗan Birom da aka haifa a Sabon Garin Kano zai samu takardar Fagge, balle ya yi shugabanta? Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, wasu jihohi suka bi, tsoron ya ƙaru. Mutum na iya ganin an zuzuta wannan tsoro, amma wanda bai san da shi ba bai san maƙwabcinsa ba.

A 1991 gwamnatin Janar Babangida ta raba Jos, ta fitar da Jos ta Arewa. 'Yan ƙasa suka ɗauka an yanka wa Hausawa yanki ne ba tare da an tambaye su ba, musamman da Samaila Mohammed ya ci zaɓen farko. Daga nan kowane naɗi ya zama gwajin ƙarfi. A Afrilun 1994 naɗin Alhaji Aminu Mato a matsayin kantoma ya jawo zanga-zanga da rikici. A 2001 naɗin Alhaji Mukhtar Muhammad a matsayin jami'in shirin yaƙi da talauci na ƙaramar hukumar ya jawo makonni ana rarraba takardun barazana daga ɓangarorin biyu, kowa yana gani, babu wanda ya kira taro. Ranar Juma'a 7 ga Satumba, gardamar wucewar wata mata ta hanyar da aka tare domin salla a unguwar Kongo Rasha ta kunna wutar da ta ci kusan mutum 1,000 cikin mako guda.

Bayan 2001 tsarin zaman gari ya canja. Musulmi suka tattara zuwa inda suke da yawa, Kiristoci ma haka, mutane suka yi ta musayar gidaje ko sayarwa da araha. Kasuwar Taminus, inda kowa ke haɗuwa da kowa, ta ƙone a Fabrairun 2002. Yaran da suka yi zaɓe a 2008 da yawansu sun balaga ne ba su da aboki ko ɗaya a ɗaya ɓangaren. Wanda ba ka taɓa cin abinci da shi ba, duk abin da aka ce maka ya shirya yi, za ka yarda.

Kwamiti bayan kwamiti

Ba a rasa bincike ba. Bayan 1994 an kafa kwamitin Mai Shari'a Fiberesima, bayan 2001 na Mai Shari'a Niki Tobi. Rahotanninsu sun shafe shekaru a kulle kafin jama'a su gan su, waɗanda aka ambata da laifi kuma suka ci gaba da harkokinsu. A 2004, bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, Shugaba Obasanjo ya sa dokar ta-ɓaci, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye, ya naɗa Manjo Janar Chris Alli na wata shida. Shi ne ya kira babban taron zaman lafiya na Filato. Taron ya tsaya a kan cewa Birom da Anaguta da Afizere su ne 'yan asalin Jos, Hausawa kuma ba su amince da matsayar ba. An yi taro, amma an tashi da mai nasara da wanda aka kayar, ba a kuma ce ga abin da za a yi da yaron Gangare ba.

Abin da ya biyo bayan 2008 ya fi wannan ban takaici. Gwamnatin jiha ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yarima Bola Ajibola, tsohon ministan shari'a. Gwamnatin Shugaba 'Yar'aduwa ta kafa nata ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Jiha da tarayya suka shiga jayayya a kan wa ke da hurumin bincike, har gaban kotu. Shugabannin Musulmin Jos suka ƙaurace wa kwamitin Ajibola, suna cewa wanda ake ƙara ba ya naɗa alƙali. Hujjarsu tana da nauyi, amma a ganina ƙauracewar ta yi mana illa, domin an rubuta tarihin kwanakin nan babu muryar da yawa daga waɗanda suka binne 'ya'yansu. Hatta neman gaskiya ya rabu gida biyu, kowa ya je inda yake ganin za a gaskata shi.

Wata goma sha huɗu kacal aka yi. Ranar 17 ga Janairun 2010 rikici ya sake tashi a Dutse Uku, a kan sake gina wani gida da aka ƙona a 2008. Saƙonnin waya na ƙarya da na tunzurawa suka yi ta yawo. Aka yi kisan Kuru Karama, inda aka hallaka Musulmi fiye da 150, aka jefa gawarwaki a rijiyoyi. Ranar 7 ga Maris aka yi na Dogo Nahawa, inda aka kashe ɗaruruwan Birom cikin dare, yawancinsu mata da yara. Duk wanda zai ambaci ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa biyu ya yi shiru a kan ɗayan, yana cikin masu ƙara wa wutar itace.

Unguwar da ba ta ƙone ba

A cikin wannan gari dai akwai Dadin Kowa, a Jos ta Kudu, inda Musulmi da Kiristoci ke cakuɗe. Ba ta ƙone a 2001 ba, ba ta ƙone a 2008 ba, ba ta ƙone a 2010 ba, alhali unguwanni irinta sun ƙone. Mutanenta ba waliyyai ba ne. Suna da matasa marasa aiki, suna da ƙorafi a kan lasifika da tare hanya, suna zaɓen jam'iyyu daban-daban, kuma an sha matsa musu daga waje su shiga faɗa.

Abin da suka yi daban shi ne sun riƙe hanyar magana a buɗe tun kafin ranar tsoro. Dattawa da limamai da fastoci sun yi alkawari a tsakaninsu, aka sanar da shi ga jama'a. Mata, waɗanda kasuwa ta haɗa, sun tsaya a kan mazansu da 'ya'yansu. Matasa suka yi sintiri tare, aka hana baƙin fuska shigowa su tayar da fitina, kowane ɓangare ya ɗauki nauyin tsawata wa nasa. In jita-jita ta taso, akwai wanda za a kira a ɗaya ɓangaren a ce, Malam, ga abin da muka ji, gaskiya ne? Ko a ce, Baba Fasto, yaranku sun taru a wuri kaza, lafiya? Wannan kiran waya ɗaya shi ne abin da aka rasa a Kabong. Ba a fafe gora ranar tafiya: lambar da za ka kira da asuba, sai ka riga ka saba da mai ita da rana tsaka.

Akwai darasi mai ɗaci a nan ga masu wa'azi da 'yan siyasa. Tsawata wa naka ya fi zagin na wani wuya. Mai hawa mumbari ko bagadi ya lissafa zaluncin da aka yi wa mabiyansa ba ya asarar komai, sai ma ƙarin jama'a. Wanda zai ce yaranmu ne suka ƙona shagon nan, kuma haram ne, shi ake kira munafuki ko ɗan amshin shata. A Dadin Kowa an samu masu jure wannan suna.

Zaman 2013 zuwa 2014

Sai da aka sha bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010 da rikicin filin Idi na hanyar Rukuba a Agustan 2011 kafin a gwada wata hanya. A 2013 wata cibiyar sasanci mai mazauni a Janiba, wadda aka fi sani da HD, ta fara zaunar da al'ummomin Jos: Afizere, Anaguta, Birom, Fulani, Hausawa, Ibo, Yarbawa, mutanen kudu maso kudu, da wakilan mata. Kowace al'umma ta rubuto matsayarta da kokenta da kanta, aka gabatar a gaban sauran. Aka ɗauki batutuwan ɗaya bayan ɗaya: wuraren ibada da aka rushe, maƙabartu, sarauta, filaye, satar shanu, rashin hukunta masu laifi, da ita kanta maganar ɗan ƙasa da baƙo. An fi shekara ana yi, aka sa hannu a kan sanarwar zaman lafiya a Disambar 2014.

Bambancinsa da kwamitocin baya a fili yake. A gaban kwamitin bincike kana magana ne da alƙali, kana neman ya ba ka gaskiya. A wannan zaure kana magana ne da mutumin da kake zargi, kuma in ka gama dole ka zauna ka ji nasa. Ba a warware tambayar wa ke da Jos ba, kuma ban ga laifin hakan ba. An dai samu mutanen da suka ji mafi zafin maganar juna, suka dawo zama na gaba.

Ana cikin wannan zama aka tayar da bama-bamai a Taminus ranar 20 ga Mayun 2014, mutum fiye da 100 suka mutu. A Yulin 2015 aka kai hari masallacin 'Yan Taya da wani gidan abinci. A Jos ta 2008 ko 2010 ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya tayar da gari baki ɗaya. An samu ɗauki-ba-daɗi nan da can, amma garin bai kama da wuta ba, zaɓen 2015 ma ya wuce ba a maimaita 2008 ba. Ba zan jingina wannan ga zaman sulhu kaɗai ba. Akwai rundunar tsaro ta musamman da aka girke tun 2010, akwai gajiya, akwai kuma gane cewa Boko Haram ba ta tambayar addinin wanda ke kasuwa. A 2016 Gwamna Simon Lalong ya kafa hukumar gina zaman lafiya ta jiha, abin da ya ba irin wannan tattaunawa ofishi na dindindin.

Abin da bai gyaru ba

Kisan matafiya a hanyar Rukuba ranar 14 ga Agustan 2021, da harin Yelwa Zangam da ya biyo baya, sun nuna cewa tokar tana da zafi. Ƙauyukan Barikin Ladi da Riyom da Bassa da Mangu da Bokkos kuwa wani babi ne mai zaman kansa, na filaye da kiwo da ramuwar gayya. A cikin gari har yanzu akwai unguwannin da direban keke zai tambaye ka sau biyu kafin ya shiga. Da gwamnati ta kawo shirin sake gina kasuwar Taminus tare da bankin Jaiz a 2022, maganar ta koma ta addini nan take, shirin ya tsaya. Akwai tambayoyi na gaskiya a kan yarjejeniyar, shekara nawa, rumfa nawa ga wa, amma yawancin mutane sun ji su ne daga bakin nasu kawai, a Facebook da WhatsApp, inda kowa ya riga ya tace abokansa.

Maganar indijin ta fi ƙarfin Jos. Gyaranta na Majalisar Tarayya ne, kuma Bahaushen da ke neman haƙƙin mazauni a Filato dole ya yarda a ba ɗan Birom da ɗan Ibo irinsa a Kano da Sakkwato. Amma akwai abin da ke hannunmu kafin zaɓen ƙaramar hukuma na gaba. Jam'iyyu da hukumar zaɓe su amince a rubuce, makonni kafin ranar, a kan inda za a tattara sakamako da waɗanda za su shiga ɗakin, a kuma manna sakamakon kowace rumfa a bango kafin a ɗaga akwati. 'Yan takarar Jos ta Arewa su zauna a teburi ɗaya a gidan rediyo, da Hausa da Turanci, a yi musu tambayar takardar nan kai tsaye, kowa ya amsa a gaban abokin takararsa. Sannan a fito da su zauren jama'a sau biyu, sau ɗaya a Tudun Wada, sau ɗaya a Unguwar Rogo, domin wanda ke neman mulkin unguwannin biyu ya amsa tambayoyin mutanen da ya san ba za su zaɓe shi ba.